Yaya Isah, Wanda Ya Ƙi Rantse Wa Dada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga watan Maris na 2004, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Isah, malamin labarin ƙasa, wanda ɗalibansa na Dutse da Kiyawa suka fi sani da Malam Girgiza. Ya fito daga aji da alli a hannu, ya zauna a gindin darbejiyar makaranta, ya ce kansa yana sara masa. Kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan la'asar muka sallace shi a ƙofar gidanmu na unguwar Garu a Dutse, a gindin dutsen da aka haife mu.

Yaya, na zauna da niyyar in rubuta kuka, amma duk inda na taɓa a rayuwarka sai dariya ta riga hawaye fitowa. Na bar abin ya zo yadda ya ga dama, don na san kai ma da haka za ka fi so.

Kai ne ɗan fari a ɗakin Dada, mahaifiyarmu, ni Abdulrauf ne auta, Maijidda ce a tsakaninmu. Duk wanda ya san tsofaffin garinmu ya san abin da ake nufi da ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakin Dada ba. Kai ne "wancan", kai ne "yayanku", in ta ji daɗinka kuma ka zama "malamin makaranta". Ba ta kallonka ido da ido, ba ta yi maka magana kai tsaye. In ka shigo gaisuwa ka durƙusa, sai ta amsa wa bango. Ni kuwa auta har kan cinyarta nake cin tuwo da gemuna. Kakan ce da ni, "Kai ka sha nono, ni na sha alkunya, kuma ga shi na fi ka ƙiba."

Ni ne sanadin shigarka harkar girgizar ƙasa, ko da yake ba da gangan ba. A watan Oktoba na 1992 ina karatu a Azhar ƙasa ta girgiza a Alƙahira, gidaje suka rufta, mutane da dama suka rasu. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Amma a gida abin da rediyo ya faɗa kawai aka ji, kuma a lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, wayar da za a kira ƙasar waje sai an je Kano. Dada ta daina cin abinci. Kai ka riƙa zarya tsakanin Dutse da Kano kana bin layin waya, har Allah Ya sa ka ji muryata. Maijidda ta ba ni labarin yadda ka dawo, ka tsaya a tsakar gida ka faɗa wa iska cewa auta yana nan lafiya. Dada ta yi sujada, ta ɗago ta dubi randar ruwa ta ce, "A ce wa wancan ya ci abinci, ya rame." Ka ce wannan ita ce magana mafi daɗi da aka taɓa gaya wa randa a kanka.

Daga nan ka kamu. Abin da ya tsaya maka a rai shi ne, yaya za a yi ƙasa ta motsa a wani wuri, uwa ta kwana da kwanaki ba ta san halin da ɗanta yake ciki ba? Ka tara littattafai, ka dami abokan aikinka. A aji kakan ɗora kwanon ruwa a kan tebur, ka sa ɗalibai su yi shiru, ka buga ƙafar teburin don su ga yadda motsi yake tafiya daga inda ya taso. Wata rana kwanon ya kife a kan rigar mai duba makarantu. Tun daga ranar sunan Malam Girgiza ya bi ka, kuma ba ka taɓa jin haushinsa ba, har amsawa kake yi a kasuwa.

Da intanet ta iso Dutse, wani mai suna Ɗan'inna ya buɗe shagonsa a kan hanyar Kiyawa, sai ka samu gida na biyu. Matasa suna zuwa aika saƙo da neman makarantu, kai kuwa shafi ɗaya kake buɗewa, na masu binciken ƙasa a ƙasashen waje. Taswirar duniya ce, a kanta akwai ɗige-ɗige masu launi. Kowane ɗigo wuri ne da ƙasa ta motsa, na'urorin da aka binne a can suka ji, suka aiko da labari. Ja shi ne wanda bai daɗe da faruwa ba, sauran launukan na jiya da shekaranjiya ne. Shafin yakan ɗauki lokacin da za a dafa shayi kafin ya buɗe, wani lokaci yana gab da buɗewa a ɗauke wuta. Ba ka taɓa gajiya ba. Anti Luba, matarka, takan ce ita dai ta gode Allah, wasu mazan majalisa ke ɗauke su, nata mijin ya tafi gaishe da mutanen Japan.

Mutane suka ɗauka ka zama mai duba. Wani zai tare ka a hanya ya ce, "Malam, yaushe za a yi ta gaba?" Amsarka ɗaya ce kullum: "Na'urar nan abin da ya faru take faɗa, ba abin da zai faru ba. Masu ita ma ba su san ranar ba." Ba a so wannan amsa. Mutum ya fi son a ba shi rana, ko da ta ƙarya ce.

Sai daminar 2002 ta zo da abin da ya gwada ka. Shekarun nan ne na shari'a, zukata sun yi laushi, ko'ina wa'azi ake yi a kan zunubi da azaba. Kwatsam labari ya tashi daga tasha cewa wani bawan Allah, wanda babu wanda ya san sunansa ko garinsu, ya yi mafarki sau uku: ranar Juma'a mai zuwa ƙasa za ta girgiza a Dutse, duwatsun Garu za su gangaro kan gidaje. Aka ƙara da cewa kowace mace ta yi sadakar waina, wanda yake da inda za shi kuma ya tafi. Kafin kwana biyu shinkafar tuwo ta yi wuya a kasuwa. Na hau mumbari na karanta ayoyin da suka nuna babu wanda ya san gaibu sai Allah. Aka ce madalla da Malam, aka fita aka ci gaba da ɗaure kaya.

Da abin ya tsaya a kan maƙwabta da mun yi dariya mun wuce. Amma Dada, wadda tun shekarar Alƙahira ko babbar mota ce ta wuce ƙasa ta yi ɗan rawa sai ta kama salati, ta ɗaure kayanta a zani ta ce Miga za ta tafi wurin ƙanwarta. A lokacin ruwa ya cinye hanyar, sai an sauka daga mota an taka cikin laka an shiga kwalekwale. Dada kuwa tana fama da hawan jini, ƙafafunta a kumbure, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta. Likita ya riga ya hana ta doguwar tafiya. Mu duka mun san in ta kama hanyar nan ba lallai ta kai ba. Ita tana gudun dutsen da bai motsa ba, mu muna ganin ruwan da ya riga ya zo.

Muka yi lallashi har bakinmu ya bushe. Daga ƙarshe ta ba da sharaɗi ɗaya. Kana durƙushe a gabanta, amma Maijidda ta kalla ta ce, "Ki gaya wa yayanku, tunda shi ne mai leƙen cikin ƙasa, ya dafa Alƙur'ani ya ce ba za ta girgiza ba ran Juma'a. In ya rantse, na kwance kayana."

Maijidda ta ja ka zaure tana hawaye. "Yaya, don girman Allah ka faɗa. Kalma ɗaya ce fa. In ma laifi ne ka yi kaffara daga baya."

Ka ce, "Maijidda, abin da na sani shi ne da wuya ƙwarai. Ƙasarmu ba ta cikin wuraren da abin ya saba faruwa, duwatsun nan kuma sun ga kakannin kakanninmu. Amma in dafa Littafi in ce ba za a yi ba? Ban sani ba. Wanda ya ce za a yi ran Juma'a ƙarya yake yi, ni ma in na rantse ba za a yi ba na zama abokinsa."

Ta ce kai mutum ne mai taurin kai, ilminka bai amfana wa uwarka komai ba. Na ga yadda maganar ta soke ka. Ban taɓa ganin fuskarka ta yi nauyi kamar ranar ba. Wannan ne karo na farko a rayuwarka da Dada ta nemi wani abu a wurinka, kai kaɗai, kuma abin da ta nema ba ka da shi. Aka kai mata "da wuya ƙwarai", ta ce ita ba ta san wannan ba, a nemo mata mota ran Alhamis.

Ka nemo motar kuwa. Ranar Alhamis da safe ka aro ta wani abokin aikinka, muka ɗora Dada da ƙullin kayanta. Sai ka ce da Maijidda, da ƙarfi yadda mai ƙullin za ta ji, akwai inda za a ɗan biya kafin a ɗauki hanya, in an fito daga can ba a canza shawara ba kai da kanka za ka goya ta ka tsallakar da ita ruwan. Ashe ka riga ka roƙi Ɗan'inna ya sallami samarin shagonsa ya tayar da janareto. Haka Dada, wadda ko rediyo ba ta yarda ta murɗa da hannunta, ta zauna a gaban kwamfuta da carbinta, ta ɗan juya maka kafaɗa kamar yadda ta saba.

Allah Ya taimake ka shafin ya buɗe. Ka tsaya a bayan kujera ka fara koya wa Maijidda darasi, Maijidda da ko kallon allon ba ta yi. Ka ce wannan ita ce duniya, nan ne Makka, nan ne Masar inda auta ya yi karatu, mu kuma ga mu nan. Ka ce kowane ɗigo girgiza ce, ta yau ko ta cikin makon nan. Dada ta matso da fuskarta. Ɗige-ɗigen sun yi jere a bakin wani babban teku kamar an zubar da wake, wajenmu kuwa fayau.

Ta tambayi Maijidda, "Duk wannan a mako guda?"

Ka ce wa Maijidda, "Ƙanana ne mafi yawa, wasu ma ba a jin su. Amma babu ranar da ƙasa ba ta motsi a wani wuri."

"To mutanen da ke zaune a kan waken nan, sun tashi?"

"Suna nan. Suna noma, suna aure, suna suna. Sai dai sun koyi gina gidan da ba ya saurin faɗuwa."

"Akwai tsofaffi irina?"

"Har waɗanda suka girme ta."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Su da suka binne kunnuwa a cikin ƙasa, ba sa gaya wa mutanensu ranar?"

Ka ce, "Sun yi shekaru suna nema, da kuɗinsu da iliminsu. Suna iya cewa wannan yanki wata rana zai motsa, har su ce zai yi ƙarfi. Amma yau ne, ko baɗi, ko bayan jikokinmu, babu wanda ya taɓa iya faɗa."

Dada ta yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba. Ta ce, "Ashe ungozomomi ne. Su ga ciki su ce akwai haihuwa, ranar kuwa sai Mai Sama." Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Masu kunne a ƙasa ba su sani ba, sai wani mai barci a tasha? Maijidda, ki ce wa direban nan ya mai da ni gida, na bar shinkafa a jiƙe."

Direban nan kai ne. Ka kama sitiyari, kana ta murmushi kai kaɗai har muka iso Garu.

Ranar Juma'a Dada ta ce ba ta fasa sadaka ba, don sadaka ba ta da ranar banza. Aka kafa mata tanda a ƙofar gida, a inuwar dutsen da aka ce zai faɗo, tana daga zaune tana juya waina. Maƙwabtan da ba su samu motar tafiya ba suka ga tsohuwa ta zauna, kunya ta kama su, su ma suka fito da nasu ƙullun. Bayan an sauko daga masallaci layinmu ya koma kamar gidan biki. Ga waina, ga miyar taushe, ga yara suna ta kai da kawowa. Kai kuma ka samu abin da kake so, ka tara dattawa kana yi musu bayanin yadda ɓawon ƙasa yake a tsattsage kamar tsohuwar tukunya.

Kana tsakiyar bayanin ne aka ji wata ƙara, gum! Ƙasa ta yi ɗan motsi a ƙarƙashin tabarma. Yaya, Allah Ya jiƙanka, ban san kana da gudu haka ba. Dattawa suka watse, ni na tsinci kaina a bayan rumbun maƙwabta da rawani a hannu, kai kuwa ka fi kowa nisa, da waina a hannu ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya. Ashe masu fasa dutse ne a bayan gari suka tayar da nakiyarsu, irin wadda muke ji tun da aka fara gine-ginen sabuwar jiha, amma ranar kowa ya manta da su. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba, don ko ta so ƙafa ba za ta ba ta ba. Da muka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya muna kakkaɓe riguna, Dada ta juya wainarta ta ce, "Ku ce wa malamin makaranta ya zo ya ɗauki takalminsa, ƙasar ba ta haihu ba tukuna."

Babu wanda ya kai ka dariya. Da yamma ka je shagon Ɗan'inna ka duba, ka dawo ka sanar da unguwa cewa duniya ba ta ji girgizar Garu ba, gudun Malam Girgiza kawai aka ji. Kusan shekara biyu kana ba da labarin nan a kan kanka, kowane karo kana ƙara wa gudun nisa.

Daga baya Maijidda ta tambayi Dada me ya sa ta fasa tafiya alhali ba ka rantse ba. Ta ce, "Da ya rantse da na tafi. Na san bai sani ba, in ya dafa Littafi a kan abin da bai sani ba, to da maganar wa zan zauna a ƙarƙashin dutse?" Maijidda ta zo ta ba ka haƙuri, ka ce ta biya ka da waina.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai daɗi a wurina. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ka biya ta shagon Ɗan'inna, sannan ka zo gida ka kifa turmi a ƙofar ɗakin Dada ka zauna. Ka dubi bishiyar zogalen tsakar gida ka ce, "Wannan makon an taɓa mutanen Indunusiya, amma da sauƙi. An taɓa Turkiyya. An taɓa wani tsibiri da ko ni ban iya faɗin sunansa ba." Ita kuma daga ciki ta ɗaga hannu tana bin su ɗaya bayan ɗaya da addu'a, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba, Allah Ya tsare tsofaffinsu, Ya sa uwaye su ji labarin 'ya'yansu da wuri. Takan yi tambaya, ka ba zogale amsa. Ranar da girgizar garin Bam ta ƙasar Iran ta hallaka dubban mutane, ka zo ka faɗa wa zogale, ita ta yi ta kuka kamar danginta ne, ta sa aka yanka akuyarta aka yi sadaka. Uwa da ɗan farinta, waɗanda al'ada ta hana su hira shekara hamsin, sai ga su suna hira duk mako ta kan mutanen da ba su taɓa gani ba. Ka taɓa ce mini, "Abdulrauf, ni girgizar ƙasa ta yi mini rana."

Ba wannan kaɗai ne alherinka ba. Ɗaliban da ka saya wa littafi, da maƙwabtan da ka kai asibiti a bayan babur ɗinka, sun zo zaman makoki sun faɗi nasu da bakinsu, wasu ma mu ba mu taɓa sani ba. Na bar musu wannan.

Ranar da ka rasu ni aka ɗora wa gaya wa Dada. Na shiga ina tsoron kada labarin ya tafi da ita. Ta saurare ni har na gama, ta yi salati, ta ce, "Wancan bai taɓa yi mini alkawarin rana ba." Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kamar yadda uwar ɗan fari ba ta yi. Mata suna shiga suna fita, tana amsa gaisuwa kamar maƙwabci aka rasa.

Da Juma'a ta zagayo, bayan la'asar, ta aiko Maijidda ta kira ni daga wurin zaman makoki. Ta ce, "Auta, mutanen nan fa ba su san an yi mana rasuwa ba. Je ka dubo su." Na tafi. Ɗan'inna ya buɗe mini shafin da kansa, yana share ido da hannun riga. Na dawo na kifa turminka na zauna, na faɗi garuruwan yadda na iya. Ta ɗaga hannu ta bi su da addu'a har na ƙarshe. Na yunƙura zan tashi, sai na ga ba ta sauke hannun ba.

Ta ce, "Allah Ka jiƙan Isah. Allah, Isah bai taɓa yi mini ƙarya ba, Kai ma shaida ne. Ka jiƙan Isah."

Maijidda ta saki kwanon da ke hannunta. Anti Luba ta toshe baki da mayafi. Sau uku, Yaya. Ta faɗi sunanka sau uku, a fili, a tsakar gida, ba ta gaya wa randa ba, ba ta gaya wa zogale ba. Na yi kuka, kuma wallahi kukan farin ciki ne, don na san da kana nan da sai ka tambaye mu ko mun tabbata ba wani Isan take nufi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dada, Allah Ya ƙara mata haƙuri da lafiya. Ina yi wa Anti Luba da 'ya'yanka, Kamilu da Ruwaida da Mu'minatu, Allah Ya zama gatansu, Ya raya su a kan gaskiyar ubansu. Ina yi wa Maijidda, da Ɗan'inna, da abokan aikinka, da ɗalibanka na Dutse da Kiyawa, da dukan mutanen Garu waɗanda suka ci waina suka yi gudu tare da kai.

Ya Allah, bawanKa Isah ya ƙi faɗin abin da bai sani ba ko don ya faranta wa mahaifiyarsa, Ka faranta masa da abin da ido bai taɓa gani ba. Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ƙasar da ya ƙare rayuwarsa yana saurare ta yi masa taushi. Ranar da za a girgiza ta girgizar ƙarshe, wadda Kai kaɗai Ka san lokacinta, Ka tashe shi cikin amintattu. Mu kuma da muke jiran tamu ranar, Ka sa mu cika da imani. Addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa, Ya Rabbi, ga ta Dada nan ta riga tamu isowa. Amin.